Sa Tambari a Hoto da Bidiyo Kafin a Ɗora a Intanet: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawo a tsakanin masu ɗaukar hoton biki, 'yan Kantin Kwari masu tallar atamfa da leshi a WhatsApp, teloli, masu ƙunshi da kwalliya, masu kek, da masu haɗa bidiyo a nan Kano. Mun fara da masu sauƙi, sannan muka gangara zuwa masu ɗan zurfi.

1. Mene ne wannan tambarin da ake kira watamak?

Rubutu ne ko zane mai shara-shara da ake ɗorawa a jikin hoto ko bidiyo domin duk inda ya je a san mai shi. Asalin abin daga sana'ar takarda ya fito. Masu yin takarda a garin Fabriano na ƙasar Italiya, wajajen shekarar 1282, su ne suka fara danna alama a jikin takarda tun tana jiƙe, in ta bushe sai alamar ta zauna a cikinta. In ka ɗaga takardar naira dubu ga haske, wannan hoton da ke fitowa a farin wajen shi ne irinsa.

A hoto da bidiyo iri biyu ne: na bayyane da kowa ke gani, da na ɓoye da sai manhaja ke iya karantawa. Kusan duk bayanin da ke nan a kan na bayyane ne. Na ɓoye yana tambaya ta 14.

2. Da gaske yana hana sata?

A'a, kuma gara a san haka tun yanzu. Duk abin da ido ya gani a fuskar waya ana iya ɗaukarsa, ko da sikirinshot ne. Kamanta shi da fentin da ake shafa wa rago a kasuwa bayan an gama ciniki, ko jan farcen da mata ke ɗigawa a gindin kula kafin a kai abinci gidan biki. Ba ya hana hannu ɗauka, amma yana sa a gane na wane ne.

Amfaninsa uku ne. Yawancin masu kwasar hotunan mutane malalata ne, in suka ga sai sun sha wahala kafin su goge suna, sai su wuce su nemi hoton da ba shi da komai. Na biyu, in hoton ya zaga gurup-gurup, mai son kayan zai bi sunan ya zo wajenka, maimakon a yi kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Na uku, ranar da aka zo jayayya, wanda ya goge sunanka ba shi da bakin cewa bai san hoton na wani ba ne.

3. Me ya kamata in rubuta?

Abin da zai kawo mutum ƙofarka. Sunan shafinka daidai yadda yake a Instagram ko TikTok, harafi da harafi, ya fi zanen tambari mai kyau wanda ba a san yadda za a neme shi ba. Mai sayar da kaya ya ƙara lambar wayar kasuwanci, amma wadda ya tabbata ba zai sauya ba, domin hoto kan yi shekaru yana yawo, kuma layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sake sayar wa wani. Kada a sa adireshin gida.

Mai ɗaukar hoto zai iya sa alamar © da suna da shekara. Ba ita ke ba da mallaka ba, kamar yadda za a gani a tambaya ta 18, sanarwa ce kawai. A zaɓi haruffa masu kauri, a guji siraran nan masu lanƙwashe-lanƙwashe irin na katin ɗaurin aure. WhatsApp da Facebook suna matse hoto, kuma siririn layi shi ne farkon abin da ke narkewa.

4. A wane waje na hoton zan ɗora shi?

Nan ne aka fi yin kuskure. Kusurwar ƙasa ita ce ta fi kyan gani, kuma ita ce ta fi sauƙin datsewa: daƙiƙa biyar sun isa. Haka ma tambarin da aka ɗora a kan fili sumul, kamar farin bango, sararin sama ko tayil, domin manhajar gogewa ba ta da wani aiki sai cike wajen da launi ɗaya.

A ɗora shi ya hau kan abin da ake taƙama da shi a hoton, inda zane ya cakuɗe. In atamfa ce, a tsakiyar zanen, a ɗan karkace. In ɗinki ne, ya ratsa aikin wuya ko gaban riga. In ƙunshi ne, ya bi ta bayan hannu ko wuyan hannu, ya taɓa zanen kansa. In kek ne, rabinsa a jikin kek, rabi a waje. Dabarar ita ce rubutun ya tsallaka iyaka tsakanin abubuwa biyu, ta yadda mai gogewa sai ya sake gina duka biyun, kuma wanda ya ce zai datse sai ya datse har da abin da ya zo sata.

Fuskar mutum kam a bar ta. Rubutu a kan fuskar amarya rashin mutunci ne gare ta, kuma ba ya jawo ciniki. Kafaɗa, mayafi ko gefen lafaya sun wadatar.

5. Yaya girmansa da duhunsa za su kasance?

Ga ma'aunin da za a fara da shi. Tambari guda ɗaya: faɗinsa ya kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na faɗin hoton, ƙarfin launinsa kuma, wato wajen da manhajoji ke rubuta Opacity, tsakanin 35 da 50. In kuma maimaita shi za a yi ya cika hoton layi-layi, a sauke zuwa tsakanin 12 da 20, in ba haka ba mai saye ba zai ga ainihin launin yadin ba. Farin rubutu mai siririyar inuwa baƙa yana fitowa a kan kusan kowane launi. Duk da haka a ajiye kala biyu, fari da baƙi, saboda farar shadda.

Kada ka yanke hukunci a cikin manhajar. Tura wa kanka hoton ta WhatsApp, ka rage hasken waya, ka fita tsakar gida ka duba. In ba ka iya karanta lambar wayar ba, mai saye ma ba zai iya ba.

6. Yaya zan haɗa tambarin a waya?

Abin da ake buƙata fayil ne na PNG wanda bayansa babu launi. A PixelLab, wadda masu zanen fosta da yawa suka saba da ita, sai a goge rubutun da ya zo da ita, a rubuta suna, a zaɓi bango mara launi, wanda za a ga ya koma ɗigo-ɗigon fari da toka kamar allon dara, sannan a adana a matsayin PNG da faɗin aƙalla fiksel 1000, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto. Canva ma tana yi, sai dai fitar da hoto ba bango yana cikin tsarinta na biya. Daga nan sai a buɗe hoton kaya a PicsArt ko PixelLab ɗin, a shigo da tambarin a kansa, a daidaita girma da duhu kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 5, a adana sabon kwafi. Wanda rubutu kawai yake so, Snapseed ta ishe shi.

Matsalar da ta fi yawa ita ce tambari ya fito cikin farin akwati ko baƙi. Dalili ɗaya ne: ya koma JPG, shi kuwa JPG ba ya riƙe bango mara launi. Sau da yawa hakan na faruwa ne in mai zane ya turo shi ta WhatsApp a matsayin hoto. Ka ce ya sake turowa ta wajen Document. Haka kuma kada a ja tambari ta gefe ɗaya, sai ta kusurwa, don kada haruffan su baje.

7. Hotuna 400 na ɗauko daga biki. Ɗaya bayan ɗaya zan bi su?

Ba sai ka yi haka ba. A Lightroom, ta kwamfuta da ta waya, ana saita tambari sau ɗaya a wajen fitar da hotuna, ya hau kan duk waɗanda aka zaɓa. A kwamfuta akwai XnConvert, wadda ke iya rage girma da ɗora tambari a aiki guda. A waya akwai irin su eZy Watermark da iWatermark.

Abu biyu ne ke ɓata wannan aiki. Na farko, a manta a zaɓi wata folda ta daban, sai masu tambari su danne na asali, kuma in an danne an danne ke nan. Kwafi folda tukuna, ka yi aiki a kan kwafin. Na biyu, hotunan tsaye da na kwance ba sa karɓar saiti ɗaya: abin da ya zauna a kafaɗa a wannan zai faɗa kan hanci a wancan. Raba su gida biyu, ka saita girman da kaso cikin ɗari, ba da adadin fiksel ba, ka gwada guda biyar kafin ka saki sauran.

8. Wayata tana sa suna a ƙasan hoto da kanta. Bai isa ba?

Wayoyi da yawa irin su Tecno, Infinix da Redmi suna da wannan a saitin kyamara, wasu har sukan bari ka ƙara sunanka. Sai dai a kusurwa yake zama, inda ake datsewa, kuma a kan hoton asali yake hawa, ka rasa tsaftataccen kwafi. Tallan kamfanin waya ya fi yi. Kashe shi.

9. A bidiyo fa?

A CapCut ko InShot, shigo da bidiyon, ka ɗora PNG ɗin a kansa, ta wajen Overlay a CapCut, ko ta wajen sitika a InShot. Sai ka ja tsawonsa ya kai ƙarshen bidiyon. Wannan matakin ake yawan mantawa, sai a ga tambari ya fito daƙiƙa kaɗan a farko ya ɓace. Tambarin da aka sa a farko ko ƙarshe kaɗai ba kariya ba ne, almakashi ɗaya ya gama da shi.

Tambarin da ya tsaya cak a waje ɗaya ana rufe shi da sitika ko a dusashe wajen. Saboda haka a yanka shi gida huɗu ko biyar, kowane yanki a ajiye shi a wani waje daban, ya riƙa sauya mazauni duk bayan daƙiƙa 10 zuwa 15. A bidiyon tsaye mai girman 1080 da 1920, a ƙiyasi a bar fiksel 250 daga sama, 400 daga ƙasa, 150 daga dama, domin nan ne rubutu da maɓallan TikTok da Instagram ke rufewa.

Akwai dabarar da ta fi duk waɗannan wuyar cirewa, kuma kyauta ce: tambarin ya kasance a cikin wajen ɗaukar. Allon shago a bayanka, kati mai sunanka a gefen faranti, leda mai tambari, ko ka ambaci sunan shagon da bakinka a tsakiyar bayani. Mai koyar da girki da ta faɗi sunan shafinta tana tsaka da juya miya ta ɗaure ɓarawo, don in ya yanke wajen ya yanke darasin.

10. YouTube da TikTok ai suna sa nasu. Sai na ƙara?

Sai ka ƙara. Na YouTube, wanda ake saitawa a YouTube Studio da hoto mai kusurwa huɗu daidai, aƙalla fiksel 150 kowane gefe, ƙasa da megabait 1, ba a jikin bidiyon yake ba. A kan allon kallo yake shawagi, amfaninsa jawo masu bin tasha. Da zarar an sauke bidiyon ya tafi. Na TikTok yana bin bidiyon da aka sauke da sunan mai shi, amma shafukan da ke sauke bidiyon TikTok ba tambari sun yi yawa, yaro ma ya san su. Wanda ka ƙona a jikin bidiyon da kanka tun kafin ɗorawa shi ne naka.

11. An ce tambari yana rage yawan masu gani. Haka ne?

Maganar ta samo asali ne daga sanarwar Instagram ta 2021, cewa za ta rage tura bidiyon Reels masu ɗauke da tambarin wasu manhajoji. Abin da ake nufi shi ne a sauke bidiyo daga TikTok da tambarinta a ɗora a can. Mafita ita ce ka fitar da bidiyon daga manhajar tacewa da naka tambarin kaɗai, ka ɗora wa kowane dandali daga wannan kwafin. Ka kuma goge ɗan guntun ƙarshe da CapCut ke liƙawa.

Abin da ke korar masu kallo da gaske shi ne tambarin da ya yi katutu ya rufe kaya.

12. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke goge tambari, akwai sauran amfani?

Akwai, amma sai an sauya salo. Tun a 2017 masu bincike na Google suka nuna cewa in tambari iri ɗaya ne sak a kan hotuna masu yawa, kwamfuta na iya tattara su, ta gano siffarsa, ta cire shi tsaf daga dukkansu. Sun kuma nuna cewa ɗan murɗa siffar tambarin daga hoto zuwa hoto yana ɓata mata lissafi fiye da sauya masa waje kawai. Darasin shi ne kada a zama mai hali ɗaya: a riƙa sauya karkata, girma da mazauni.

Manhajojin yanzu ba cirewa suke yi ba, ƙirƙirar abin da suke zaton yana ƙarƙashi suke yi. A kan bango sumul ba a gane aikinsu. A kan zanen leshi, aikin hula ko layukan ƙunshi kuwa sukan bar tabo: zare ya karkace, fure ya haɗe da ɗan'uwansa. Wannan tabon hujja ce gare ka in aka ajiye shi kusa da na asali. Shi ya sa shawarar tambaya ta 4 ta fi muhimmanci yau fiye da da, kuma shi ya sa tambari kaɗai bai isa ba sai an haɗa da abin da ke tambaya ta 13.

13. Ban da tambari, me zai ƙara kare ni?

Kada ka ɗora cikakken hoto. Rage shi zuwa fiksel 1080 ko 1350 a dogon gefe. A fuskar waya ba za a ga bambanci ba, amma a wajen bugawa lissafi ya sauya: bugu mai kyau yana cin fiksel 300 a kowane inci, don haka hoto mai fiksel 1080 bai wuce inci uku da rabi da ɗan ɗori ba, kimanin santimita 9. Wanda ya ɗauka ya kai a buga masa babban firem ko bana zai ga ya fashe.

Sannan ka riƙe na asali. Fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da ba a tace ba, in kyamara ce, ko hoton yadda ya fito daga waya, tare da sauran da aka ɗauka kafinsa da bayansa. Ɓarawo yana da hoto ɗaya, kai kana da goma na wannan zaman. Wasu kan ɗan datse gefen hoton kafin su ɗora, su bar cikakken a wajensu, kuma dabara ce mai kyau, don wanda ya ɗauka ne kaɗai zai iya nuna abin da ke wajen firem. A ajiye a wuri biyu, misali na'urar ajiya ta waje (hard disk) da Google Drive. Waya kan faɗa ruwa, a kan kuma fizge ta.

14. Mene ne tambarin ɓoye, kuma ya dace da ni?

Abu biyu ake haɗawa a wannan suna. Na farko bayanan da ke cikin fayil, EXIF da IPTC: irin kyamara, ranar ɗauka, da gurbin sunan mai hoto. Kyamarorin Canon da Nikon da yawa suna da wajen rubuta suna a saiti, ya riƙa shiga kowane hoto. A cika shi, aikin minti biyu ne. Sai dai WhatsApp na share waɗannan bayanai in aka tura a matsayin hoto, sikirinshot ma ba ya ɗauke da su. A kula kuma: in aka tura ta Document komai na tafiya, har da wurin da aka ɗauki hoton in GPS a kunne yake. Mai ɗaukar kaya a cikin gidanta ta kashe wannan a saitin kyamara.

Na biyu shi ne alamar da ake saƙawa cikin ɗigogin hoton kansu, wadda aka tsara ta jure matsewa da ɗan datsewa. Kamfanoni irin su Digimarc ke sayar da wannan, kuma manyan gidajen hoto da na labarai ne kasuwarsu. Akwai kuma tsarin C2PA da Adobe, Microsoft, BBC da wasu suka kafa a 2021 don liƙa wa hoto tarihin asalinsa. Ga mai shago a Kwari ko mai situdiyo a titin Gidan Zoo, tambarin bayyane da ajiye na asali sun fi waɗannan amfani nesa ba kusa ba.

15. Ni mai ɗaukar hoton biki ne. In bar tambarina a hotunan da aka biya?

A raba aiki gida biyu. Hotunan zaɓe, waɗanda ake tura wa dangi su tsinci waɗanda suke so kafin a cika kuɗi, su ne ke buƙatar tambari mai cika fuska, ƙananan kwafi, kowanne da lambarsa. In ka tura su tsaf, kafin magariba sun hau sitatus, cikon kuɗinka kuma sai ka yi ta sintiri. Waɗanda aka biya kuwa a ba da su ba tambari, ko da ɗan ƙarami a kusurwa in an yarda. A faɗi wannan tun ranar ciniki, a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne.

Akwai abin da masu hoto da yawa ba su sani ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ce wanda ya sa a ɗaukar masa hoto ko bidiyo don amfanin kansa da iyalinsa yana da damar amfani da shi ba don kasuwanci ba, kuma yana da ikon hana a yaɗa shi ga jama'a, sai in an yi wata yarjejeniya daban. Wato tambarinka a jikin hoton amarya bai ba ka izinin ɗora ta a shafinka ba. A garin nan ma ko ba doka, ɗora hoton matar mutum ba a tambaye shi ba ya isa ya rufe maka ƙofar dangi guda. Masu kwalliya da ƙunshi ma wannan ya shafe su.

16. Na tura fim ko darasi ga mutum biyar su duba, ya fita. Yaya zan san wanda ya fitar?

In kwafi ɗaya ka tura musu duka, ba za ka sani ba. Nan gaba kowa a fitar masa da nasa, da sunansa ko wata lamba a jikin bidiyon, shara-shara, tana sauya waje kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 9. A ƙara wata 'yar alama da ba a gaya wa kowa ba, misali ɗigo a wani lungu a minti na 7 ga wannan, a minti na 12 ga wancan, a rubuta a littafi. Ko ya rufe sunan, ɗigon na nan. Sanin cewa sunansa na jiki ma kan sa mutum ya riƙe amana. Kwafin dubawa kuma kada ya wuce matsakaicin inganci, wato 480p ko 720p.

17. Yaya zan gano an ɗauki hotona, kuma me zan yi in na gano?

Saka hoton a Google Lens ko TinEye, su nuna shafukan da yake. Nemi sunan shafinka da lambarka a Facebook da TikTok lokaci-lokaci, saboda masu buɗe shafin bogi. Masu tasha a YouTube su duba ɓangaren haƙƙin mallaka a YouTube Studio, inda ga waɗanda aka buɗe wa ake nuna bidiyon da wasu suka sake ɗorawa. Abin da ke yawo a gurup na WhatsApp, ko ta Xender, ko a shagunan masu tura finafinai a waya, babu manhajar da ke ganinsa. Nan sai abokan ciniki, kuma tambarin ne ke sa su gane su sanar da kai.

In ka gano, kada ka fara da magana. Tara hujja tukuna: sikirinshot mai nuna sunan shafin da kwanan wata, adireshin abin da aka ɗora, da adireshin naka na farko. Sannan ka tura saƙo cikin mutunci, ka ba da kwana biyu a sauke ko a biya. Da yawa a nan ake gamawa, musamman in akwai sanayya ko shugabannin kasuwa a tsakani. In ya ƙi, Facebook, Instagram, TikTok da YouTube duk suna da fom na musamman na ƙorafin haƙƙin mallaka. Shi za ka cika da kanka. Tara abokai su yi ta danna maɓallin ƙorafi na gama-gari ba ya maye gurbinsa.

Ka san abu biyu kafin ka cika. Za a nuna wa wanda ka kai ƙara sunanka, don haka yi amfani da imel na kasuwanci. Kuma abin ba wasa ba ne: a YouTube gargaɗi uku cikin kwana 90 na iya rufe tasha, shi ma wanda aka kai yana da damar mayar da martani, ƙorafin ƙarya kuma kan juyo kan mai shi. In da hotunanka ake karɓar kuɗin mutane, wannan ya zama damfara: sanar da abokan cinikinka nan take, ka kai wa 'yan sanda.

18. Me dokar Najeriya ta ce? Sai na yi rajista?

Ba sai ka yi ba. Haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar an ɗauki hoton, da tambari ko babu. Dokar da ke aiki ita ce ta 2022, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali daga 1988. Kariyar hoto da bidiyo shekara 50 ce daga ƙarshen shekarar da aka fara fitar da su. Dokar ta tanadi hanyar aika wa masu dandalin intanet takardar neman a sauke abin da aka sata, ta kuma hana cire ko sauya bayanan da ke nuna mai aiki.

Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana da tsarin rajista ta intanet ga mai so. Ba wajibi ba ne, amma takardar na taimakawa wajen hujja, kuma ya dace da aikin da aka kashe wa kuɗi sosai kamar fim. Shari'ar haƙƙin mallaka a Babbar Kotun Tarayya ake yi. Kafin a kai nan a auna kuɗin lauya da darajar abin da aka ɗauka.

19. Dila ya turo min hotunan kaya. Zan iya sa tambarina a kai?

Sayen kaya ba sayen hoto ba ne. In dilan ne ya ɗauka kuma ya ba ka don talla, tambaye shi ko ya yarda ka sa sunanka, yawanci ba sa ƙi tunda kayansu kake sayarwa. Amma goge nasa ka ɗora naka, ko ɗauko ɗinkin wani tela ka liƙa lambarka, shi ne ainihin abin da ake kuka da shi a tambaya ta 17, kuma shafinka ne zai sha gargaɗi. Ga kuma rigimar da ke biyo baya in abin da ka ɗinka bai yi kama da hoton ba.

Ɗaukar naka ba wuya. Shimfiɗa yadin kusa da ƙofa ko taga da hantsi, inda haske ke shigowa ba rana kai tsaye ba, ka goge gilashin kyamara, ka kashe filasha don tana sauya launin shadda. Ajiye katin shagonka a kan yadin kafin ka danna, ka ɗauki uku: cikakke, na kusa da zane, da na gefen da aka buga sunan kamfani.